Wankin Allon Girkanci

Ina dab da cika shekara hamsin na fara koyon tsohon Girkanci, kuma ba wanda ya aike ni. Na daɗe ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a cikin Katsina, kuma cikin abin da nake koyarwa har da wani yanki na doguwar waƙar yaƙi ta Girkawan da can, wanda aka fassara zuwa Turanci. Ina son waƙar, ba ƙarya. Amma duk ranar da na tsaya gaban aji ina yabon gwanintar mai waƙar, sai in ji muryar mahaifinmu a kunnena. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana ba da karatun littattafai a zauren gidanmu na Gobarau, har da waƙoƙin Larabawan jahiliyya da ake karantawa don sanin harshe. Idan ɗalibi ya zo ya ce ya san littafi alhali fassarar wani ya karanta, sai Malam ya tambaye shi, cikin fara'a, ko yana jin daɗin lomar da wani ya tauna masa. To ga ni nan, 'yar cikinsa, kowace shekara ina raba wa 'ya'yan mutane taunanniyar loma, har ina yi musu jarrabawa a kanta. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Bayan maigidana ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, na rufe gidanmu na Ƙofar Guga na dawo Gobarau in zauna da mahaifiyarmu. Hajiya ta tsufa. Yanar ido ta rufe mata gani, kunne ya yi nauyi, gwiwoyi kuma sun hana ta sakat. Amma hukuncinta yana nan daram. A gidanmu idan Hajiya ta ce a bar abu, an bar shi ke nan, ko da mutum ya yi furfura har a gira. Ni ce autarta, kuma ban taɓa tsallake maganarta ba, ban kuma shirya farawa da tsufana ba. Na san idan ta ce in bar Girkanci zan bar shi, in yi ta jin ciwon abin har in mutu. Shi ya sa ban kawo mata zancen ba sam.

Wanda ya fara ganowa babban yayanmu ne, wanda muke kira Yaya Malam. Shi ya gaji zauren mahaifinmu. Iyalinsa suna Ƙofar Kwaya, amma kullum da safe yakan zo ya ba da karatu, kafin ya zauna kuma sai ya shigo cikin gida ya gaida Hajiya. Wata rana ya tarar da ni da littafin nahawun Girkanci da na saukar daga intanet na sa aka buga mini a takarda. Ya ɗauka ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan kuma rubutun su wa ne?" in ji shi.

Na ce, "Girkanci ne, Yaya. Waƙar nan da nike koyarwa nike so in karanta da harshenta."

"Waƙar masu bautar gumaka."

"Waɗanda Malam ya karantar a zaure ai ba liman ya yi su ba."

Ya ajiye littafin a hankali. Yaya Malam ba mai hayaniya ba ne, shi ya sa gardama da shi take da ban haushi. Ya ce, "Waɗancan an karanta su don a san harshen Alƙur'ani. Wannan kuma don a san mi?"

Na ce, "Don in ji da kunnena abin da mutumin ya ce."

Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in sani ranar da Hajiya ta ji ta ce a'a, shi ba zai sa baki ba. Na ce na ji. A raina kuwa na sha alwashin sai na kai ƙarshen waƙar nan, ko da sai na fara dogara sanda.

Haruffan ba su ba ni wahala ba. Wasu ma tsofaffin sani ne daga ajin lissafi, inda muka rabu ba daɗi. Kalmomin ne suka nuna mini iyakata. Kalma ɗaya sai ta sauya riga ta sauya hula, ta ƙara wani abu a gaba ta yanke wani a baya, in neme ta a ƙamus in rasa, alhali ita ce na haddace shekaranjiya. Ga shi ba ni da malami. Akwai wasu mutane a ƙasashen waje da ke ɗora karatunsu a intanet, su nake saukarwa a waya in saurara, amma waya ba ta tsayar da mutum ta ce ya sake. Na zauna a tebur irin na 'yan boko, da biro ja da baƙi, ina ja wa kalmomi layi ina tsara su a gidaje. Na yi sama da shekara a haka. Abin da na zuba da safe, kafin la'asar ya tsiyaye. Na yi fushi da littafin, na yi fushi da Girkawa, har na taɓa cusa shi ƙarƙashin katifa na yi mako ban kula shi ba. Duk lokacin da Yaya Malam ya tambaye ni, "Ina aka kwana a karatu?" sai in ce ana nan ana yi, in juya in yi tsaki.

Wata rana ina tankaɗen gari sai na ji bakina yana rera wasu baitoci na Larabci da na rubuta a allo tun ban iya ɗaura zane ba. Ko harafi ɗaya bai faɗi ba. Na tsaya da rariya a hannu ina tunani. Kan nan nawa ba ƙin riƙe abu yake yi ba, ta ƙofar da ya saba ake shigar masa, ni kuma na tsaya ina buga wata ƙofar.

Washegari na je kasuwa na sayi sabon allo. Sabo na nema da gangan, wanda ba a taɓa rubuta aya a kansa ba, don na san girman abin. Mai sayarwa ya tambaye ni ko na jika ne, na ce na kakar ne. Na kankare baƙin tukunya na dafa shi da ƙaro na yi tawada yadda na ga ɗaliban Malam suna yi, na zuba a kurtu. Na fere alƙalami na gamba. Nan ma sai da na sake ferewa, don alƙalamin da aka yanka wa Larabci daga dama yake tafiya, Girkanci kuwa daga hagu, sai ya riƙa tirjewa yana fesa mini tawada a zane.

Daga nan na koma tsarin gidanmu. Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in rubuta 'yan layuka kaɗan a fuska ɗaya ta allon. In duba ma'anar kowace kalma, sannan in yi ta maimaitawa da baki har su zauna. A cikin Keke Napep ina hanyar makaranta ina yi, ina gyaran takardun yara ina yi. Washegari in kife allon in biya na jiya da ka. Idan ya fito sumul sai in wanke wannan fuskar in jingine ta bushe, sabon karatu yana ɗaya fuskar. Idan ya ƙi, ba wanki, ba ci gaba. Haka aka yi mana muna yara, haka na yi wa kaina ba sassauci.

A nan na gane wani abu da tebur da biro suka ɓoye mini. Waƙar tana tafiya ne a kan dogayen gaɓoɓi da gajeru, kamar yadda rubutattun waƙoƙinmu na Hausa da na Larabci suke tafiya. Kunnena ya san wannan tun ina laɓe a bayan zaure ina sauraren Malam. Da na daina karantawa da ido na fara rerawa, sai layukan suka sami ƙafa. Ban san da wace murya Girkawa suka rera ta ba, ni dai da muryar makarantar allo nake yi, jikina yana rausayawa gaba da baya ba tare da na sa shi ba. Ranar da wani layi ya fara buɗe mini da kansa, ban taɓa ƙamus ba, magana ce a kan ƙugin teku. Ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani na dam ne. Amma na ji ƙarar ruwan a cikin kalmomin, na zauna ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Na yi farin ciki irin wanda na manta ana yi.

Sai maganar wanki. A gidanmu ba a wanke allo a ƙasa. Tun muna yara, a ƙwarya ake tara ruwan, don kada a taka abin da aka rubuta. Hannuna bai tsaya tambayar wane harshe ne a kan allon ba, ya ɗauko ƙwarya kawai. Ina gamawa lokacin makaranta ya yi, ga kaji suna jira su kifar da duk abin da aka ajiye a ƙasa. Wuri ɗaya ne mai tudu a kusa, wani tsohon turmi da aka kife a ƙofar ɗakin Hajiya tun ban san lokacin ba. A kansa nake ɗora ƙwaryar da niyyar in na dawo in zubar. In na dawo kuma sai in same ta a wanke a kife. Akwai matar da ke zuwa yi mana shara da wanke-wanke, na ɗauka ita ce, har ina yaba mata a raina.

A cikin makonnin nan Hajiya ta canza mini. Da can gaisuwarmu ta safe ba ta wuce yadda aka kwana da yadda gwiwa ta kwana. Yanzu sai ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka, ta haɗa da 'ya'yana da jikokin da ba a haifa ba. In na wuce ina jin ta tana cewa, "Allah shi yi maki albarka, Auta." Na ce a raina tsufa ne ya sa ta laushi.

Ran wata Asabar ba makaranta, ina zaune a tabarma da allona a gefe, Yaya Malam ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya ɗaga murya yadda muke yi mata, aka yi ta lahiya lau, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da ya tambayi gwiwa sai Hajiya ta ce, "Gwiwa da sauƙi, alhamdu lillahi. Tun da Auta ta fara yi mani rubutu nike jin daɗin ta."

Na ɗago kai. Ban gane ba da farko.

Yaya Malam ya waiwayo yana murmushi, ya ce, "Madalla da Auta. Waɗanne ayoyi kike rubuta mata?" Ya miƙo hannu ya ɗauki allon da ke jingine kusa da ni.

Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi allon, ya dubi ƙwaryar da ke kan turmi, wadda na ɗora bisa sabo kafin in shiga madafa ɗazu, kuma babu komai a cikinta. A lokacin ne na tuna. Mahaifinmu yakan rubuta wa Hajiya ayoyi a allo da safe, ya wanke ta sha don neman lafiya, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. A kan turmin nan yake ajiye mata ƙwaryar kafin ya fita zaure. Hajiya ba ta ganin abin da ke kan allona, ba ta jin kalmomin da nake faɗa. Amon karatu kawai take ji daga ɗaki, sannan ta laluba ta ji ƙwarya a inda ta saba jin ta.

Yaya Malam ya ja ni gefe, wajen rijiya. Ya yi ƙasa da murya, duk da ba a bukatar hakan.

"Mi ke cikin abin da ta sha?"

Na yi ƙoƙarin tunawa. Na ce yawanci jerin jiragen ruwa ne da garuruwan da suka fito, sai wani wuri da mayaƙa suka yanka shanu suka gasa nama.

"Da sunayen gumakansu?"

Na ce, "Akwai."

Ya rufe ido ya yi salati. Ya ce, "Ita ba ta da laihi, Allah ba shi kama bawa da abin da bai sani ba. Ke ma ba da gangan kika yi ba, na sani. Amma da kina yi a takarda na yi shiru. Allo ba abin wasa ba ne a gidan nan. Ga inda ya kai mu. Ki sa shi a murhu, a wuce wurin."

Na ji kunya, na ji tsoro, amma da ya ambaci murhu sai raina ya tashi. Na ce, "Allon nawa ne, Yaya, sabo na saye shi. Ƙwaryar ce na aje inda bai kamata ba. In Hajiya ta ce in ƙone shi, da hannuna zan sa shi a wuta. Amma ita za ta ce."

Ya dube ni ya ce, "To ita za ta ce."

Shi ya gaya mata. Kuma da yake sai an ɗaga murya take ji, duk gidan ya ji, har da mai wanke-wanke da ta tsaya da kwano a hannu, da maƙwabtan da muke katanga ɗaya. Ina tsaye a bayansa kamar yarinyar da aka kawo ƙara. Hajiya ta sa ya maimaita wurin da ya ce ba Alƙur'ani ba ne. Ta yi istigfari. Sannan ta murza carbinta, ta ce, "Ku tahi."

Ranar ban iya komai ba. Na dafa abincin rana na kai mata, ta taɓa kaɗan ta ture. Na zauna a ɗakina da allon a cinya ina duban rubutun da ke kai. Na yi nisa a lokacin, don na tsallaka zuwa wani wuri can gaba da na daɗe ina ɗokin karantawa. Na biya layukan a hankali har suka zauna daram, na ce ko an ƙone allon waɗannan dai sun riga sun shiga. Na kuma yi wa kaina alkawari biyu. Ba zan yi wa Hajiya gardama ba, kuma ba zan ce mata abin ba shi da muhimmanci a wurina ba don in sami sauƙi, don ƙarya ce.

Bayan la'asar ta aika a kira ni, ta ce a kira Yaya Malam daga zaure. Ya zauna a bakin ƙofa, ni kuma na durƙusa a gabanta.

"Kawo allon," in ji ta.

Na miƙa mata. Ta shafa shi da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, ta kai shi kusa da hanci.

"Tawadar ta yi ƙaro da yawa," ta ce. "Matso nan wajen kunnen dama. Biya mani."

Na ce, "Hajiya, Girkanci ne."

"Na ji. Larabcin da Malam ke karantarwa ma ai ba ji nike ba sai ya fassara. Ki karanta kaɗan ki ba ni da Hausa, yadda ake yi a zaure."

Na matsa har ina jin ƙamshin man zafin da take shafawa. Na fara. In rera guntun layi, in tsaya, in faɗi ma'anarsa da Hausa, in ci gaba. Ban taɓa yin haka ba, kullum ta Turanci nake bi. Da na fara juya shi kai tsaye zuwa Hausa sai na ji abin ya matso kusa da gida. Gari ne mai ganuwa da ƙofofi kamar namu, an kewaye shi da yaƙi. Kowa ya gudo ciki, sai jarumin garin shi kaɗai ya tsaya a wajen ƙofa yana jiran abokin gaba. Mahaifiyarsa, tsohuwa, tana bisa ganuwa tana kuka tana roƙonsa ya shigo, tana tuna masa ita ta shayar da shi. Nan rubutun allon ya ƙare.

Hajiya ta ce, "Ya shigo?"

Na ce, "Bai shigo ba."

Ta gyaɗa kai. "Ba su ji, 'ya'ya. Ko can ma ashe haka suke." Ta juyo da fuskarta wajena, na san da wa take.

Ta sake shafa allon, sannan ta ce, "Malam bai taɓa korar mai neman karatu ba, ni ma ba ni farawa a kan ɗiyata. Amma karatu ba shi zama a ɓoye kamar na ɓarawo. Kullum bayan la'asar ki kawo ki biya mani, ina so in ji ƙarshen yaron nan. Ruwan kuma ki kai ma lemon bayan ɗaki, shi ba ruwan shi."

Yaya Malam ya buɗe baki, ta ɗaga hannu, ya rufe. Ni kuwa na yi godiya, na karɓi allona na yunƙura zan tashi. A ganina magana ta ƙare, kuma na ci.

"Zauna," ta ce. "Ban gama ba."

Na koma na zauna.

"Abin da na sha na sha, na nemi gafarar Allah, kuma gwiwa ta yi sauƙi ko ku so ko ku ƙi. Ba shi ya hana ni cin abinci ba. Tun da Malam ya rasu ba wanda ya aje mani ƙwarya bisa turmin nan. Ban tambaya ba, kowa da hidimar shi. Amma duk sahiya in na hito sai na kai hannu wurin, na saba. Ranar da na kai hannu na ji ta, zaunawa na yi na yi kuka. Na ce ashe Auta ta tuna da ni."

Yaya Malam, wanda ke rubuta wa mutanen unguwa da baƙi daga ƙauye kusan kullum a zauren da ke bayan katangar nan, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ni kuma da nake wuni da ita a gida ɗaya, na san duk wani jirgin ruwa da ya tashi daga wasu garuruwa da ban san inda suke ba, amma ban taɓa lura da hannun da ke laluben turmi kowace safiya ba. Hawaye suka zubo mini a kan allon har tawada ta ɗan narke. Ban ba ta haƙuri da baki ba, don na san ba shi take nema ba.

Washegari da sassafe, kafin in shimfiɗa tabarma, Yaya Malam ya yi sallama. Bai saba zuwa da wuri haka ba. Yana riƙe da wani tsohon allo da ya yi baƙi ya yi santsi don daɗewa, na gane shi tun daga nesa, na mahaifinmu ne. Ya haɗo da sabon kurtu da sabuwar ƙwarya.

"Wannan na Hajiya ne," ya ce. "Yau ni zan rubuta, gobe ke, tunda kin yi sauka kuma hannunki ya hi nawa kyau. Kada ki haɗa masu kurtu, kada ki haɗa masu alƙalami." Ya kalli ɗaya allon da ke jingine a bango, ya ƙara da cewa, "Shi wancan, in yaron ya mutu ki hwaɗa mani."

Na ce zan faɗa masa.

Yaron ya mutu, kuma na faɗa masa. Hajiya ta yi kwana biyu tana jin haushin wanda ya kashe shi, har sai da muka kai inda shi ma aka ga nasa baƙin cikin, sannan ta sassauta masa. Har yanzu ban kai ƙarshen waƙar ba, akwai wuraren da na tsallake da zan koma, kuma kalmomin ba su daina sauya riga ba. Amma zan kai. Lemon bayan ɗaki yana shan rabonsa kullum. Ranar da aikin yake kaina, nakan yi alwala in ɗauko allon Malam in rubuta, in wanke a ƙwaryar Hajiya in ɗora a kan turmi. Girkancin yakan jira a jingine, ba na taɓa shi sai na ji ta fito ta kai hannu ta ɗauka.